Idonka, Magini ko Injiniya: Wa Zai Duba Maka Gida Kafin Ka Biya?

Yawancin gidajen da ake sayarwa a Kano da Kaduna da Zariya, zagaye guda ake yi musu a sallama. Dillali ya buɗe ƙofa da hantsi, mai saye ya shiga da ƙanensa ko amininsa, a leƙa falo, a ƙirga ɗakuna, a ɗaga kai a dubi silin, wataƙila a murɗa famfo a ga ko ruwa na zuwa. Kafin la'asar an yi tayi, an ce albarka sau biyu, an sallama, an ajiye kafin alƙalami. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutumin nan shi ne zai buɗe bakin ragon layya ya duba haƙora, ya sa a zagaya da shi ya ga ko yana ɗingishi, amma tarin guminsa na shekara ashirin ya zuba shi a kan fenti da tayil.

A Amurka duba gida sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye ne yake ɗaukar mai dubawa ya biya shi, shi kuma ya hau rufi, ya bi wayoyi da bututu, ya rubuta rahoto da hotuna, kuma galibi a takardar ciniki akwai sharaɗin cewa idan rahoton ya fito da babban aibi mai saye yana iya janyewa. Mu nan sana'ar ba ta kafu da wannan suna ba, amma aikin yana nan, a warwatse yake a hannun mutane daban-daban. Ko dai ka dogara da idonka da bakin dillali, ko ka ɗauko magini, ko ka biya injiniya mai rajista. Kowanne akwai abin da yake gani, akwai kuma inda ganinsa ya tsaya.

Dillali ya san unguwa. Ya san hannu nawa gidan ya bi, ya san abin da ya sa mai shi yake son rabuwa da shi, ya san nawa aka sayar da na kusa da shi bara. Wannan sani ne mai amfani, kuma da yawansu mutane ne masu tsoron Allah. Sai dai la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma kaso ce daga kuɗin gidan. Wanda abincin iyalinsa na wannan watan ya rataya a kan ka ce ka saya, bai kamata ka ɗora masa nauyin ya nemo maka dalilin da zai sa ka fasa ba. Tambaye shi tarihin gida, amma kada ka mai da shi mai duba gini, kada kuma ka bar shi ya zaɓo maka wanda zai duba.

Idonka kuwa ya fi yadda kake zato, in ka ba shi lokaci. Abin da yake da shi wanda magini da injiniya ba su da shi shi ne yana iya komawa sau biyar ba tare da an biya shi ba. Gidan da ka gani a watan Maris, ana ƙura, komai a bushe, ba shi ne gidan da za ka gani a watan Agusta ba. In da hali, jira marka. Je ka da safe bayan ruwan dare, ka ga ina ruwan tsakar gida yake bi, ko kwata tana ja ko tana maido da shi ciki, ko titin ya fi daɓen gidan tudu. Wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare a tsofaffin unguwanni: an yi ta ɗaga titi ana zuba ƙasa da kwalta, gidajen gefe sun koma rami. In ba za ka iya jiran damina ba, bangon maƙwabta zai gaya maka, domin ruwa yakan bar layinsa a jikin katangar da ba a yi wa sabon fenti ba.

Ka koma da dare ka ga wuta da tsaro da hayaniya. Ka zauna wurin mai shayi, ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka gaisa da dattawa. Yawan kurar 'yan garuwa a layi ya ishe ka sanin halin ruwa. Tambaya guda kuma kada ta wuce ka, musamman a Kano: mene ne a wurin nan kafin a yi gini? Birnin cike yake da tsofaffin kududdufai, inda aka haƙi ƙasar gini shekaru aru-aru, daga baya aka cike su da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Gini a kan irin wannan ciko yakan yi ta zama a hankali shekara da shekaru. Babu takardar da za ta gaya maka wannan, amma duk tsohon da ya girma a unguwar ya san inda suka yi wanka da kamun kifi suna yara.

Inda ido ya gaza shi ne bambance tsagar da ta tsaya a fulasta da wadda ta ratsa bulo, da gane abin da aka rufe da gangan. Nan magini yake shigowa, kuma nan ne na fi so in daɗe, domin ga yawancin masu karanta wannan, gidan da za su saya marar bene ne mai rufin kwano, kuma a irin wannan gida gogaggen magini shi ne ya fi kowa biyan kuɗin sabulu.

Shekarun baya na ga wani gida mai ɗaki uku da falo a bayan gari, ya kwanta mini a rai tun daga ƙofa. Sabon fenti, an manna tayil a bangon waje da na tsakar gida har zuwa ƙugu. Na riga na fara lissafin inda yara za su kwana. Mahaifiyata ce ta ce kada in biya kuɗin gidan sai tsohon maginin da ya gina gidanmu ya gani. Na ɗauko shi a mota, dattijo ne da ya haura sittin, bai zo da komai ba sai cokalin gini da ƙusa doguwa da kwalbar ruwa. Bai ko kalli falon da nake ta nuna masa ba. Ya tsuguna a gindin bango yana ƙwanƙwasa tayil ɗin da ƙotar cokali ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka amsa da ƙarfi, wasu suka yi ƙara kamar ganga. Ya shiga sito, inda ba a manna tayil ba, ya soka ƙusa a bulo na biyu daga ƙasa, sai ga shi yana zubowa kamar gari, da wani farin abu a jiki. Ya murza a yatsa ya nuna mini.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ɗana, kanwa ce. Danshi ne yake hawowa daga ƙasa yana cin bulon. Tayil ɗin nan da kake gani ba ado ba ne, bandeji ne aka ɗaura wa ciwo."

Daga nan ya zuba ruwan kwalbar a daɓen banɗaki, muka tsaya muna kallo ruwan ya bar magudana ya nufi ƙofa. Ya sa yaron maƙwabta ya kawo tsani, ya ɗaga murfin silin ya haska da fitilar wayata, ya ce in hau in gani da idona. Katako biyu gara ta yi musu hanya, ga kuma ɗigon haske yana shigowa ta ramukan ƙusa a kwano. Duk wannan bai kai awa biyu ba.

Irin abin da magini yake kamawa ke nan: bulon da aka buga da yashi mai yawa da siminti kaɗan don a fitar da fiye da kima daga buhu guda, ginin da ba a yi masa shingen danshi a saman fandisho ba, taga da ƙofar da ba a zuba musu linta ba, bangon da ya karkace, ƙofar da take cijewa saboda gini ya zauna ta gefe guda. Ya san ƙaramar tsaga mai kamar gashi a fulasta ba abin tada hankali ba ce, ya kuma san wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi ƙasa a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko wadda samanta ya fi ƙasanta faɗi, magana ce ta fandisho. In ginin laka ne na cikin birni, to nan ma babu wanda ya kai tsohon magini: shi zai duba azara ko ta fara lanƙwasa, ko indararo yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, ko yaɓen simintin da aka yi wa ginin ƙasa ya rabu da shi yana tara ruwa a tsakani. Matashin injiniyan da ya fito daga jami'a ba lallai ya taɓa nazarin soro ba.

Amma magini yana da nasa rauni, kuma gara a faɗe shi. In ya san shi za a ba aikin gyara, yana iya kambama aibi. In kuma dillali ne ya kawo shi, ko abokin sana'arsa ne ya yi ginin, kunya za ta sa ya ce babu komai. Maganin duka biyun ɗaya ne: naka ne, kai ka kawo shi, ka biya shi kuɗin yininsa tun kafin ya shiga, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba hakkinsa ya fita. Na biyu, magini ba mai wayarin ba ne kuma ba falamba ba ne. Ɗauko mai wayarin ya kwance soket biyu ko uku ya ga kaurin waya, domin wayar da ta dace da fitila ba ita ta dace da soket ko na'urar sanyaya ɗaki ba, ya kankare ta ya ga tagulla ce ko farin ƙarfe aka shafa wa launi, ya duba ko an kafa sandar da ke sauke wuta ƙasa. Gobarar dare da yawa daga cikin silin take tashi. Falamba kuma ya buɗe murfin sokawe, ya cika tanki ya saki duk famfunan lokaci guda. Ka auna tazarar rijiya da shadda, har da shaddar maƙwabci ta bayan katanga. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar kimanin mita 30, wato tsawon fili mai ƙafa 100 kusan gaba ɗaya, ka ga a ƙaramin fili hakan ba ya samuwa. In haka ne ka sani tun yanzu cewa ruwan rijiyar nan na wanki ne, sai an gwada shi kafin a sha.

Babban raunin magini shi ne idonsa ba ya ratsa kankare. Yana iya cewa ginshiƙin nan ya yi masa siriri, amma ba zai iya gaya maka rodi nawa ne a ciki ba, mai kaurin milimita 16 ne ko 10, ko fandishon an haƙa shi ne don ya ɗauki hawa ɗaya ko uku. A nan ra'ayina ba shi da sassauci: duk gidan da mutum zai kwana a ƙarƙashin dekin ko a samansa, injiniya ne zai duba shi. Mun ga abin da ya faru a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta kan mutane, fiye da arba'in suka rasu. Mun ga na titin Beirut a Kano a watan Agusta 2022. Mun ga makarantar da ta rufto wa ɗalibai a Jos a watan Yuli 2024. Bangon gida marar bene yakan yi gargaɗi, ya tsage, ya kumbura, a kwashe yara. Dekin kuwa sau da yawa ba ya ba da wannan dama.

Abin da na fi tsoro shi ne gidan da aka gina marar bene, bayan shekara goma mai shi ya samu kuɗi ya yaye kwano ya zuba dekin ya ɗora bene. Irinsu suna da yawa, kuma bayan fulasta da fenti ba ka bambance su da wanda aka tsara bene tun farko. Injiniya zai nemi zanen ginin da hukumar tsara birni ta amince da shi, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ya gwama da abin da ke tsaye. Yana da gudumar gwaji da ake danna wa kankare ta nuna kimar ƙarfinsa, akwai na'urar da ke gano inda rodi yake da tazararsa ba tare da an fasa ba, in ya ga dama kuma ya sa a haƙa rami a gefen bango ya ga zurfin fandisho da irin ƙasar da ya zauna a kai. Ko gida marar bene ne, ka kira shi in magininka ya nuna maka tsagar fandisho, ko an ce wurin tsohon kududdufi ne, ko kana sayen gida a yankunan baƙar laka na Borno da Gombe da Adamawa, wadda take kumbura da damina ta tsuke da rani tana wasa da gini.

Sai dai a kula da sunan. A wurinmu duk wanda ya tsaya a kan aikin gini da hular kwano injiniya ake ce masa. Wanda kake nema shi ne injiniyan gine-gine mai rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, kuma yana da lamba da hatimi. Tambayar lambar ba rashin kunya ba ce, na gaskiya ba ya jin haushi. Akwai kuma magina masu digiri da ke ƙarƙashin hukumar CORBON, su ma suna duba ingancin aiki su rubuta rahoto. Fifikon waɗannan a kan tsohon magini ba kayan aiki kaɗai ba ne. Rubutu ne da sa hannu, wanda za ka ajiye a gaban mai gida ka ce ga abin da aka gani, ga kuɗin gyara, a rage mini. Maganar baka ana musunta ta, takarda mai hatimi kuwa da wuya. Kuɗinsa ya fi na magini nesa ba kusa ba, yana ɗaukar kwanaki, kuma wani mai gidan ba zai yarda a haƙa masa rami ba. In ya ƙi a duba bene, ni dai a wurina ƙin nan ma amsa ce. Ka kuma roƙi injiniyan ya zaunar da kai ya fassara maka rahoton da Hausa, ya ware maka abin da ke barazana ga rai da abin da zai iya jira shekara biyu.

Mutane sukan haɗa injiniya da mai ƙimanta kadara, alhali tambayarsu daban. Mai ƙimantawa, wanda hukumar ESVARBON take yi wa rajista, yana gaya maka nawa gidan ya kai a kasuwa. In bashin banki za ka ci, za a nemi rahotonsa. Zai ambaci aibin da ke fili, amma kada ka ɗauki takardarsa a matsayin shaidar cewa dekin zai riƙe.

Duk waɗannan kuma gini suke dubawa, ba mallaka ba, kuma gida mai ƙarfi a kan takardar bogi ya fi gida mai yoyo ciwo. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma gidan da ke da satifiket ɗin mallaka ba ya komawa sunanka a hukumance sai da amincewar gwamna. Ka sa lauya ya yi bincike a hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS ta Abuja, a ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. In awon igiya ne, mai unguwa da dagaci da maƙwabta na kusurwa huɗu su ne shaidunka, ka kuma bincika ko gidan bai hau kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. In gidan gado ne, kada ka wadatu da babban wa shi kaɗai. Ka ga takardar rabon gado daga kotu, ka ji daga bakin kowane magaji, har matan da ke gidajen aurensu. Ka karɓi lambar mita ka je ofishin kamfanin wuta, domin tsohon bashi yakan bi gida ya tarar da sabon mai shi.

Mai sayarwa ma yana da zaɓi a nan. Yana iya shafe aibi da fenti ya jira wanda zai zo da rani, yana kuma iya kiran magini tun kafin ya ba dillalai, ya gyara abin da zai gyaru, ya bayyana sauran. Ta fuskar kasuwa ma ta biyun ta fi, domin aibin da mai saye ya gano da kansa yakan sa ya zargi gidan gaba ɗaya ya zaftare kuɗi fiye da na gyaran. Ta fuskar addini kuwa maganar a fili take. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Malaman Malikiyya har kasa aibin gida suka yi kashi uku: ƙarami da ba ya taɓa ciniki, matsakaici da mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadonsa, kamar tsagar bangon da ba a jin tsoron ta kayar da gidan, da babba da ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Amma kada mai saye ya jingina da wannan. Ƙa'idar da manyan kotunanmu suka gada daga dokar Ingila a cinikin gida ita ce mai saye ya buɗe idonsa, kuma ko a gaban alƙalin shari'a, tabbatar da cewa aibin ya riga ciniki aiki ne, balle a ce kuɗin an riga an raba wa magada goma.

Shi ya sa lokacin duba ya zama kafin kuɗi su bar hannunka. Dillali zai ce akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, wani lokaci ma gaskiya ne. In kana tsoron gidan ya kuɓuce, ba da kafin alƙalami kaɗan, amma a rubuta a takarda a gaban shaidu biyu cewa an ba ka mako biyu ka kawo masu dubawa ka kuma bincika takardu, in an sami aibin fandisho ko na dekin ko na mallaka za a maido maka da kuɗinka cif. A gidan nan mai tayil haka muka yi. Baba ya lissafa mini buhunan siminti da katako da kwanakin aiki a bayan wata takardar magani, na kai wa mai gidan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma haka ya saye shi, bai san aibi aka rufe da tayil ɗin ba sai da damina ta farko ta zo. Bai yarda da ragin da na nema ba, ya kirga mini kafin alƙalamina a zauren mai unguwa, muka yi musafaha.